Ina son zama malamin arnis mai takardar shaida, ta ina zan ɓullo wa abin daga Kano?

Telan_Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan ja, abin ya daɗe yana cina a rai.

Ni tela ne, shagona yana Gwammaja, shekaruna 29. Na yi shekara shida ina takwando har na ɗaura baƙin bel, daga nan gwiwata ta hagu ta ce ta gaji. Likita ya ce in bar tsalle-tsalle da kai shuri sama in dai ina son in ci gaba da taka keken ɗinki. A zaman jinyar nan ne, ina kwance ina latsa waya, na ci karo da bidiyon wani tsoho ɗan ƙasar Filifin, da gani ya haura saba'in, yana wasan sanda da wani ƙaton saurayi. Tsohon ko ɗaga ƙafa ba ya yi sosai, amma duk inda saurayin ya kawo duka sai ya tarar sanda ta riga shi zuwa. Na ce to, ga abin da gwiwata za ta iya ɗauka.

Wasan shi ake kira arnis, wasu su ce eskrima, wasu su ce kali. Yau shekara uku ke nan ni da abokina, wani mai adaidaita sahu, muna yi bayan sallar asuba a wani fili da ke bayan makarantar firamaren unguwarmu. Da sandar tsintsiyar goge ɗaki muka fara, har ranar da ɗaya ta tsage, tsinken ya soki abokina a saman gira, saura kaɗan ido. Daga nan na je wurin wani mai saƙa kujerun ken, ya sayar min da ratan, wato itacen da suke lanƙwasawa su yi ƙafar kujera. Da tef ɗina na ɗinki na auna inci 28 na yanka, na ɗan babbaka su a wuta. Ratan in ya gaji ba ya tsagewa, sai dai ya yi burtu-burtu kamar asuwaki.

Mun haddace kusurwoyin duka 12, mun iya sinawali, wato saƙar sanda biyu-biyu, har ba ma kallon hannu. Ƙarar sandunan ce ta fara jawo yara, yanzu akwai 11 da ke zuwa kusan kullum. Ban taɓa karɓar ko sisi ba.

Abin da ya tayar da maganar: wani mai makarantar kuɗi ya gan mu, ya ce yana son in riƙa koya wa ɗalibansa ranar Asabar, zai biya. Amma ya ce sai na kawo satifiket, don iyaye za su tambaya. Na shiga intanet na samu wani shafi da ya ce in biya dala 350, in turo bidiyona ina yin darussansu, cikin sati shida za su aiko min da takardar zama “guro”, wato malami. Kuɗin nan kusan duk abin da na tara ne a ɗinkin sallar bana.

Tambayata, wannan takardar tana da daraja? In ba ta da ita, wace hukuma ce take ba da ta gaskiya? Kuma akwai hanyar da talaka irina zai bi ba sai ya sayar da keken ɗinkinsa ba?

---

Baba_Jidda ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, mayar da dalolinka aljihu tukuna, ka saurare ni.

Na yi shekara 14 a Jidda ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma rabin abokan aikina 'yan Filifin ne. Dama tun muna sakandare a ƙarshen shekarun 1970 mun san mutanen nan, don malaminmu na lissafi ɗan can ne, lokacin suna da yawa a makarantun Arewa. Amma sai a Jidda na san suna da wannan wasa. Wani dattijo mutumin Sebu, wani birni a Filifin, mai walda a kamfaninmu, shi ya koya min a saman bene bayan isha'i, shekara bakwai.

Abu na farko da za ka gane: arnis ba kamar takwandonka ba ne. A takwando akwai Kukkiwon, babbar cibiyar wasan a birnin Seoul, takardarta ta baƙin bel duk inda ka kai ta a duniya an san ta. A arnis babu uwa ɗaya irin wannan. Gidaje ne, kowane gida da salonsa da dattawansa, kuma kowa shi yake naɗa malamansa. Akwai Doce Pares da aka kafa a Sebu a 1932, gidan su Cañete da Saavedra. Akwai Balintawak na Anciong Bacon, wanda ya samo sunansa daga titin da yake koyarwa a nan Sebu ɗin a shekarun 1950. Akwai Modern Arnis na Remy Presas, wanda ya rasu a 2001, shi ne ya tsara abin da bel-bel yadda zai shiga makarantu. Akwai Pekiti-Tirsia na iyalan Tortal, wanda Leo Gaje ya yaɗa a duniya. A Amurka kuma ga Dan Inosanto, abokin Bruce Lee, shi ma da nasa matakan na malanta. Ko kusurwoyi 12 da ka ce kun haddace, lamba uku ta wannan gida ba lallai ta zama lamba uku ta wancan ba. Na wane gida kuka haddace? In ba ka da amsa, to ka ga inda gizo ke saƙar.

Kai Bakano ne, don haka ba sai na wahala ba. Ka san yadda ake ba da ijaza a zaure. Ba a tambayar kyawun takardar, ana tambayar wa ya ba ka, shi kuma a gaban wa ya durƙusa. To haka abin yake a wurinsu sak. In ka ce kai guro ne, tambayar farko ita ce, ɗalibin wa? Sai ka ambaci malaminka, shi ma a san malaminsa. In ka ce shafin intanet ne, za su yi maka murmushi su ba ka kujera, shi ke nan.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi damuna da kai. Ranar farko da na je wurin dattijon nan, na ɗauka da ƙarfina zan burge shi, lokacin ina ji da ƙuruciya. Ya ce in kawo duka. Na ɗaga sanda, kafin ta sauko na ji tau a bayan hannuna, sandar ta faɗi ƙasa. Na ɗauka, na sake, ya sake. Sau biyar. Washegari da ƙyar na riƙe sukundireba. Ya ce min su hannu suke fara nema, wai cire wa maciji dafi suke kiran abin, in hannu ya mutu sanda ta zama itace. Salonsa na Balintawak ne, kuma su ba sa koyar da taro. Malami ne zai tsaya gabanka, kusa sosai har kana jin numfashinsa, ya riƙa kawo maka duka kana karewa, yana ƙara sauri daidai yadda za ka iya ɗauka, yana kama hannunka da hannunsa na hagu yana gyara maka. Suna ce wa wannan agak. Ka gaya min ta yaya waya za ta yi maka haka. Kai da abokinka shekara uku kuna buga sanda da sanda, ita ce ƙarar da ke jawo yara. Amma wanda zai doke ka ba sandarka zai nema ba. Ina tsoron kun koyi rawa mai kyau, kuma kun haddace kurakuran juna.

Ba ina kashe maka gwiwa ba ne, da ma gwiwa ɗaya ce ta rage maka. Ni da na yi shekara bakwai ban dawo da takarda ba. Da zan taho gida ya ba ni sandunansa biyu, ya ce in na samu mutum ɗaya mai hankali in koya masa. 'Ya'yana duk ƙwallo suka sa a gaba.

---

DanGuramada ya rubuta:

Kai jama'a! Wai yanzu bugun sanda ma sai mun je ƙasar waje an ba mu satifiket? Malam tela, shiga mota ka je rugar Fulani, ka nemi yaro ɗan shekara 15 mai kiwo ka ce ya gwada maka sanda. Kyauta zai fasa maka kai, ba sai ka biya dala ba. Ga dambe nan muna yi a Ado Bayero Square a Sabon Gari, Arewa da Kudu da Guramada, wa ya taɓa tambayar ɗan dambe takarda? Kisa nawa ka yi, shi ne takardarka. Namu ba ya mana kwarjini sai na wasu.

---

Telan_Gwammaja ya rubuta:

@DanGuramada ban raina namu ba wallahi, ni ma ina zuwa kallon dambe. Amma je ka ce wa mai makarantar kuɗi za ka koya wa 'ya'yan mutane dambe ranar Asabar, ka ga ko zai bari ka gama magana. Kuma abin da ya ja ni ga na Filifin shi ne an tsara shi daki-daki, darasi na ɗaya, na biyu, yadda za ka koya wa yaro ba tare da ka fasa masa kai ba. Bafulatanin ya iya, amma a daji ya koya, da jini.

@Baba_Jidda maganarka ta shige ni, Baba. Gaskiya ban san na wane gida muka haddace ba. Na duba yanzu, ashe kusurwoyin daga bidiyon mutum ɗaya muka ɗauka, sinawali daga wani daban. Dambu muka haɗa.

---

Ummi_a_Sebu ta rubuta:

Salam. Ni 'yar Kano ce, daga Hotoro, ina karatun aikin jinya a nan Sebu, shekarata ta uku. Ba gwana ba ce, amma na yi arnis zango guda a darasin motsa jiki, don a nan yana cikin abin da ake koyarwa a makarantu. Tun Disambar 2009 aka sa hannu a dokar da ta mai da shi wasan ƙasa, lambarta 9850, zamanin Shugaba Gloria Arroyo. Kuma mutanen Sebu suna ji da abin ba kaɗan ba. Filin jirgin da za ka sauka ma a tsibirin Mactan yake, inda mutanen Lapu-Lapu, wani sarkin tsibirin, suka kashe Magellan, Baturen da ya jagoranci jiragen ruwan Sifen, a 1521, ga gunkin Lapu-Lapu can riƙe da takobi da garkuwa. Kowane mai koyar da sanda sai ya ba ka wannan labarin, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Yaya, abin da Baba ya faɗa haka yake, sai dai zan ƙara abu biyu da na gani da idona.

Akwai ɓangaren gasa, wanda ya bambanta da na zaure. A gasa ana sa hular kwano mai raga a fuska, da riga mai kauri kamar katifa, da safar hannu, alƙalai suna ba da maki. Akwai kuma anyo, wato mutum ɗaya ya nuna jerin motsi, kamar yadda kuke yi a takwando. Ƙungiyar WEKAF, wadda aka kafa a nan Sebu a 1989, tana shirya gasar duniya ta irin wannan, kuma an yi arnis a wasannin ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya da Filifin ta karɓi baƙunci a 2019. In yaran makaranta za ka koya wa, wannan ɓangaren ne zai fi yi maka amfani, don shi ke da dokoki da kayan kariya.

Na biyu, ina ganin Turawa da Larabawa suna zuwa nan su yi sati biyu ko wata guda a wani gidan horo, a ba su takarda su tafi. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin irin takardar nan da kyau. Yawanci shaida ce ta cewa wane ya halarci horo na kwana kaza, ba izinin koyarwa ba ce. Wasu in sun koma ƙasarsu sai su rataye ta a bango su fara kiran kansu manyan malamai, mutanen nan kuwa dariya suke musu. Izinin koyarwa na gaskiya shekaru yake ɗauka, ana zuwa ana komawa.

Hanyar da na ga ta fi dacewa da kai: ka zaɓi gida ɗaya tak, ka rubuta musu, ka faɗi gaskiyarka kamar yadda ka faɗa a nan. Gidaje da yawa suna yarda mutumin da yake nesa ya buɗe rukunin masu koyo a ƙarƙashinsu. Ba malami za su kira ka ba, jagoran rukuni ne, kana bin manhajarsu, kana tura bidiyo suna gyara maka, sannan in hali ya yi ka zo da kanka a gwada ka. Bidiyo ba laifi ba ne in akwai mutum sananne a ɗaya gefen da zai ce maka “ba haka ba”. Wanda zai ba ka malanta a sati shida bai taɓa riƙe hannunka ba, kuɗinka yake so.

In ka tashi zuwa, ofishin jakadancin Filifin yana Abuja, can za ka nemi biza. Ka zo da shirin abinci, don naman alade ya yi yawa a Sebu, gasasshensa ma shi ne abin alfaharinsu. Akwai Musulmi, yawancinsu 'yan asalin Mindanao, akwai masallatai, amma sai ka nema. Ni kifi da shinkafa ne suka riƙe ni, sai yajin da Umma take aiko min.

---

Koci_Fagge ya rubuta:

Tela, ina jin na san ka, in kai ne mai gwiwar nan. Ni ba zan yi maganar Filifin ba, waɗanda suka sani sun yi. Maganar Kano zan yi.

Ka tara yara 11 da sanduna a fili da duku-duku, a garin da kowa ya san abin da gora take nufi a hannun matashi. Ka sanar da mai unguwa? Ka je ofishin 'yan sanda na yankinku ka gabatar da kanka? In ba ka yi ba, gobe ka yi, kafin wani maƙwabci ya riga ka kai labari cewa ana horar da 'yan daba a bayan firamare. Ni da ba ma riƙe komai sai farar riga, sai da aka taɓa kai ƙarata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowane yaro uban ya sa hannu a takarda. Ka samo abin kare kai da safar hannu ko da na gwanjo ne, yara kuma ka naɗe musu sanda da soso, kai tela ne ba sai an koya maka ba. Ka je Red Cross ka yi kwas ɗin taimakon gaggawa, wannan takardar ta gaske ce kuma mai makarantar zai gane ta. In abin ya kankama ka yi wa kulob ɗin rajista a CAC, ka kai kanka hukumar wasanni ta jiha su san da zamanka.

Sannan na san a wasan nan akwai darasin wuƙa. Kar ka kuskura. Ko ta roba ce, ko ta katako. Yaro ɗaya ya je ya gwada a unguwa, sunanka za a kira, kuma babu satifiket ɗin da zai fitar da kai.

Game da mai makaranta, kana da baƙin bel na takwando, wannan ba ƙarya ba ne. Nuna masa shi, ka ce sanda kuma kai ma ɗalibi ne. In ya yarda to, in bai yarda ba ka bar shi.

---

Telan_Gwammaja ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi kwana biyu ban leƙo ba, ga abin da ya faru.

Koci, ni ne mai gwiwar. Na je wurin mai unguwa jiya da yamma, ashe ya daɗe da sani, har ya ce jira yake ya ga ranar da zan zo. Kunya kamar in nutse. Ya ce in kawo masa sunayen yaran da na iyayensu, shi zai raka ni wurin DPO.

Mai makaranta kuma na gaya masa gaskiya. Ya ɗan yi shiru, ya ce zai yi shawara. Daga yadda ya faɗa ina jin an wuce wurin, amma ba komai. Har da na fito sai da zuciyata ta ce da ka biya dalolin nan da yanzu an gama, ba zan ɓoye muku ba.

Shafin nan na rubuta musu tambaya ɗaya, na ce wane ne malamin wanda zai sa hannu a takardar, kuma a ina ya yi karatu. Amsar da suka turo ita ce sun rage min dala 50 in na biya kafin Juma'a.

Ƙanwata Ummi, don Allah in kin samu sarari ki leƙa min gida ɗaya ko biyu a nan Sebu, ki tambaya ko suna karɓar irin wannan rukuni daga Najeriya. Ina karkata ga masu gasa saboda yaran. Kuɗin jirgi ba na bana ba ne, ba kuma na baɗi ba, amma na buɗe asusu daban, duk ɗinkin da ya wuce kala goma a sati kuɗinsa can zai tafi.

Baba_Jidda, na bar taka a ƙarshe don ita ce babba. Ka ce an ce ka nemi mutum ɗaya mai hankali. Ban ce ina da shi ba, amma ina da babur, kuma ina tashi da wuri. Wace unguwa kake?

---

Baba_Jidda ya rubuta:

Ɗorayi. Na tura maka saƙo ta akwatinka. Ka zo Asabar bayan asuba, kai kaɗai, ka bar abokin naka tukuna. Sanda ɗaya za ka kawo, ba biyu ba. Kuma in kana da ɗinkin gaggawa ka gama shi ranar Juma'a, don ban yi maka alƙawarin hannun nan zai riƙe almakashi ranar Lahadi ba.